Ƙarnin da Na Ɗora wa Rigar Maigida

Litinin, 3 ga Maris
Wani ƙarni kamar na kifi ya addabe ni a gidan nan. Na kwashe firji, na wanke kwata, na ɗaga katifa. Ni da ko cokali sai ya sha wanki biyu! Bincikena ya tsaya a kan rigar aikin Maigida. Mutum ya wuni yana gyaran firjin masu kifi, me ake jira? Na ce daga yau a bakin ƙofa zai riƙa tuɓe ta. Ya ce to.

Laraba, 5 ga Maris
Riga na waje, ƙarni na ciki.

Asabar, 8 ga Maris
Ina kan keke a shago ina ɗinki, sai ga ƙarnin. Alhali rigar nan ba ta taɓa zuwa shagona ba. Mai karɓar ɗinki ta dube ni, na dube ta, na ƙara wa fanka gudu. Innalillahi, ashe ni ce. Dama akwai wani ruwa mai launin toka da nake gani a kamfaina, ina kawar da kai.

Na leƙa wurin Mai Kwalabe, maƙwabciyar shagona da nake sayen sabulun wanke gaba a hannunta. Sau ɗaya a rana nake wanke ciki da shi, ta ce in mayar safe, rana da yamma. "Ƙawata, datti ne, kar ki raga masa."

Talata, 11 ga Maris
Abu sai gaba yake yi. Tunda ba datti ba ne, to kawo mini aka yi. Wa ke fita a gidan nan? Na daina yi wa Maigida magana, na jera matasai a tsakiyar gado. Yana wanka na bincike wayarsa, na ga wata "Hajiya Firiza" ta kira. Na bi kiran, zuciyata na tafasa, sai na ji tsohuwa: "Ɗan nan, har yanzu fa firizar yoyo take yi." Duk da haka ban yarda ba. Na ce wa Yaya ta share mini ɗaki, wataƙila ina tafe da akwatina.

Alhamis, 13 ga Maris
Asibiti. Nas ta ɗauki gwaji, ta ce da me nake tsarki. Na zaro kwalaben daga jaka ina ji da kaina. Ta dafe kai.

Wai akwai ƙwayoyi na kirki da ke gadin wurin, ni na bi su da sabulu na kashe, marasa kirki suka samu fili. "Baiwar Allah, masu gadinki kika kora." Na ce to shi Maigida fa? Ta ce wannan ba ciwon sanyin da ake ɗauka wurin namiji ba ne, amma mace mai shi ta fi saurin kamuwa da ciwon sanyin, har da ƙanjamau, in ta gamu da su. Gara mu yi gwaji mu biyu, hankali ya kwanta. Ta ba ni magani, ta ce ruwa ya isa, shi ma daga waje.

Ruwa zalla, ni!

Juma'a, 14 ga Maris
Na faɗa wa Maigida batun gwajin ina kallon bango. Na shirya wa faɗa tsaf, har da amsoshi. Ya ce, "Ƙarfe nawa za mu je?" Haushi ya kama ni.

Litinin, 17 ga Maris
Sakamako ya fito, dukanmu lafiya lau. A hanyar dawowa, don dai in samu abin cewa, na ce ai rigarsa ma tana ƙarni. Ya yi dariya ya ce, "Maman yara, rabona da firjin masu kifi tun bara. Na sani tun farko ba rigar ba ce. Na rasa yadda zan faɗa miki ne, na ga gara a ce rigata ce."

Ni ina haɗa akwati, shi yana tuɓe riga a ƙofa maƙwabta na kallo. Kunya ta kama ni har cikin raina. Na ce ƙura ce ta shigar mini ido.

Lahadi, 23 ga Maris
Ƙarni ya tafi. Mai Kwalabe na gaishe ni a daƙile. Yaya ta kira wai ɗaki ya sha shara, yaushe zan iso? Na ce wa ya ce mata zan zo.

Ban ba shi haƙuri ba. Ba wai ba zan bayar ba ne, ina dai jira ya gama cin abinci.