Ƙorafi Kan Zakanyar Da Ta Raba Mastura Da Hannunta

Zuwa ga:
Mai Girma Alhaji Na'ibi Sadiƙ,
Shugaban Jama'ar Hausawa Mazauna Kurayyat, Jidda.

Daga:
Zaharadden Badaru,
Ma'aikaci a Unguwar Masana'antu ta Jidda.

Litinin, 9 ga Sha'aban 1445 (19 ga Fabrairu, 2024)

Game da: Zakanyar da ake kiwo babu izini a wata istiraha, da abin da ta yi wa yayata Mastura Badaru

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto ne a madadin yayata Mastura, mai shekara arba'in da bakwai, domin ita ba ta da halin rubutu yanzu.

1. Mastura ta zo umra shekara shida da suka wuce, ba ta koma ba, kuma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Ba ma ɓoye wannan. Shara da wanke-wanke take yi a istirahar wani mutum da ake kira Abu Mus'ab, wato gidan shaƙatawarsa da ke bayan gari.

2. Mutumin nan yana kiwon zakanya a can tun tana ƙarama, yana nuna wa baƙinsa. Dokar ƙasar nan ta hana ajiye irin wannan naman daji a gida ba tare da izini ba, kuma shi da bakinsa ya sha gaya wa ma'aikata kada su faɗa wa kowa. Sau biyu Mastura tana sanar da shi cewa sakatar kejin ta lalace. Dariya ya yi, wai dabbar ta fi mage ladabi.

3. Ranar Asabar, 3 ga Fabrairu, da hantsi, tana wanke ƙasan da ke gaban kejin sai zakanyar ta banke ƙofa ta cafke mata hannun dama. Mai gadi ne ya ƙwace ta da sandar ƙarfe.

4. Abu Mus'ab ya hana a kai ta asibiti. Ya sa aka ɗaure raunin da tsumma, aka ajiye ta a ƙofar gidana, tare da gargaɗin cewa in muka yi magana zai sa a kama ta. Kwana biyar muna wanke ciwon da ruwan gishiri. Allah ya gani, tsoro ne ya sa na yi shiru, kuma wannan shirun ba zai bar ni ba har in mutu. Ranar 8 ga Fabrairu, da wari ya cika ɗakin, na kai ta asibiti. An yanke hannun daga gwiwa.

5. Daga asibiti hukuma ta tafi da ita saboda rashin takarda. Yanzu tana tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Ba mu ja da hukuma a kan wannan. Sai dai zakanyar ma ba ta da takarda, kuma tana nan inda take.

Don haka ina roƙon Mai Girma ya isar da wannan ga Umda, wato mai unguwa, da hukumar kula da namun daji: a ɗauki bayanin Mastura kafin a sa ta a jirgi, a bincika istirahar, a ɗauke dabbar.

Ina roƙon a hanzarta. Jiya aka ɗauki wata baiwar Allah, Bashira, a gurbin yayata. Na je na gaya mata komai, ta ce 'ya'yanta uku, ba ta da wani aikin.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Zaharadden Badaru