Ni An Koya Min Iyo

Daren Laraba, Bukan Sidi

Yau Jummai ta haɗa ni da Mama. Ƙanwar tawa ta ɗauki wayata ta nuna mata bidiyon da nake tsalle cikin ruwa da rigar ceto a makaranta. Ita Mama a tunaninta injiniyan jirgin ruwa na dakon kaya, aikin da nake karanta, yana ɗakin inji ne kawai, ko jiƙewa ba ya yi.

Ta ajiye tsintar shinkafa ta ce, "Rafi ya ci min Ɗanladi, kai kuma teku za ka kai min kanka?" Da la'asar sai ga Kawu daga Kwandere. Ko zama bai yi ba ya ce in bar jami'ar nan, zai sama min aiki a sakateriya. Na durƙusa na ce, "Kawu, a yi haƙuri, ba zan bari ba."

Tun rasuwar Yaya Ɗanladi ko rijiya ba a bari in leƙa. Ranar farko a wurin koyon iyo sai da na sha ruwa na yi amai, 'yan ajinmu na ta dariya. Washegari na koma.

Mama ba ta taɓa tuwonta ba, kuma wallahi abin yana ci min rai. Na yarda ajali ne. Amma ruwan da Yaya ya nutse a ciki bai kai tsayin ƙofar ɗakin nan ba, babu dai wanda ya taɓa koya masa iyo. Ni an koya min. Ranar Asabar zan koma makaranta.