Damin da Babana Ya Yafe

Malam Ƙasimu, don Allah ka taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zai kai ni gidan yari. A kan sitiyari nake rubuta wannan takarda a tashar Basirka, in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri.

Ni direba ne, shekarata goma sha huɗu ina jan bas tsakanin Kano da ƙasar Gwaram. Mahaifina, Malam Badaru, Allah ya ji ƙansa, yana da gona a yamma da gari, mai ɗorawa uku a tsakiya. A shekarar da aka samu mulkin kai kogi ya cinye gonar amininsa Dogara, sai babana ya ba shi aron wannan. Ka san yadda ake yi a wajenmu. Wanda ya ari gona, duk kaka yakan ɗauko dami ɗaya a ka, da rana tsaka, ya ratsa gari ya kai wa mai gonar, don kowa ya gani ya san ta wane ce. Dogara ya yi haka shekara biyar. A ta shida babana ya hango shi yana tangaɗi da dami a ka, ga tsufa ga ciwon gwiwa, kunya ta kama shi, ya fita da kansa ya sauke masa, ya ce daga ranar ya yafe. Ina tsaye aka yi. A lokacin na ɗauka kirki ne, yanzu kuwa wallahi in na tuna har haushin babana nake ji yana kabarinsa, Allah ya yafe mini.

Su biyun duk sun rasu. Bana da aka ce sabuwar hanya za ta bi ta gefen gonar, sai Maikuɗi ɗan Dogara ya tashi ya ce ubansa saye ya yi. Maikuɗi fa, wanda a akushi ɗaya muka ci tuwo da shi, wanda ni na koya masa hawan keke. Ashe tun ina Kano ya daddasa mangwaro a ciki, alhali jariri ma ya san ɗan aro ba ya dasa itace. Na kai ƙara kotun gonaki da filaye da ke zama a Birnin Kudu, na ce tun da ba ta da wani aiki sai wannan, rana ɗaya za a gama.

Malam, ban taɓa ganin abin takaici irin wannan ba. Alƙali ya tambaye ni takarda. Wace takarda? Ko a zamanin babana aminai suna rubuta wa juna takarda? Ya tambaye ni shaidu. Na kawo dattawa biyu a motata, na ciyar da su a hanya, da suka shiga sai suka ce su dai rabonsu da ganin dami shekara goma sha biyu ke nan, ba su san abin da ya wakana tsakanin mamatan ba. Shi kuma Maikuɗi ya zo da sabuwar riga yana sunkuyar da kai kamar na Allah, yana lissafa mangwaronsa da takin da ya zuba. Ban san sanda na miƙe na zage shi ba, na haɗa da dattawan, na kuma gaya wa alƙali abin da bai kamata ba. Aka fitar da ni, aka ɗaga shari'a zuwa mako uku.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba wannan ba ne. Mahaifiyata, Inna A'i, tun tana amarya ita ke tsinkar ɗorawar nan, ko shekara ɗaya ba ta taɓa fashi ba, da ita take daddawarta. Uwar Maikuɗi, Inna Lami, duk bazara sai ta zo har tsakar gidanmu ta roƙi a bar mata ta ɗebi kwando ɗaya da ɗan makuba na shafen ɗaki, Inna ta ce je ki ɗiba. Bana da Inna ta je da ƙugiyarta, Maikuɗi ya tare ta a bakin gona ya kore ta. Ta dawo da kwando wayam, ta shiga ɗaki. Ban faɗi wannan a kotu ba, don ba zan sa sunan uwata a bakin lauyoyi da 'yan kallo ba, kuma maganar daddawa ai ta mata ce.

Na wasa gatarina, yana ƙarƙashin kujerar motar nan. Niyyata in sare mangwaron nan duka, in ya so kowa ya rasa. Matata ce ta roƙe ni in rubuto maka tukuna. Ka gaya mini, akwai abin da ya rage ban da gatari?

Naka,
Ɗan Mai Gona, Basirka

Ɗan Mai Gona, Allah ya huci zuciyarka. Da farko fitar da gatarin nan daga mota ka miƙa wa matarka ta ɓoye, ka kuma gode mata, don ta fi ka hankali a wannan makon. Ranar da ka sare itace ɗaya, shari'ar gona ta ƙare, ta ɓarna ta fara, kuma a waccan Maikuɗi ba ya bukatar shaida, kututture ya ishe shi.

Haushinka yana da dalili, ban musa ba. Wanda ya kori tsohuwa daga itacen da take tsinka tun bai zo duniya ba ya yi rashin kunya, kuma ni ma da na karanta raina ya ɓaci. Amma alƙali bai zalunce ka ba. Bai san Malam Badaru ba, bai ga dami ba, ba ya nan ranar da aka sauke shi. Abin da aka ajiye a gabansa da shi zai yi hukunci, kai kuma zagi ka ajiye masa. Dattawan ma abin da suka gani suka faɗa. Kafin ranar zama ka je wurin magatakarda ka nemi a shigar da kai ka ba alƙali haƙuri, da ƙaramar murya, ba da ta tasha ba.

Sai babban abin. Ka rubuto mini kana kukan ba ka da shaida, alhali shaidarka tana cikin takardarka, ka kira ta maganar mata ka wuce. Babanka dami ya yafe, bai yafe ɗorawa ba. Shekara goma sha bakwai gonar tana hannun gidan Dogara, mahaifiyarka na tsinka, matar Dogara na zuwa roƙo. Mace tana roƙon abin da mijinta ya saya? Ba na ce wannan kaɗai zai ba ka gona ba, don akan sayar da ƙasa a keɓe itace, kuma Maikuɗi zai iya kawo wannan. Amma in an keɓe, sai ya faɗi a gaban wa aka keɓe. Ka gaya wa kotu, ka kawo matan unguwa da suka san wannan roƙo na duk shekara. In kunyar fito da Inna A'i kake ji, ka roƙi a tura wakili ya ji ta bakinta a gida. Kunya ce ta sa babanka ya rasa shaidar farko, kada ita ce ta sa ka rasa ta biyu.

Kafin nan, bari mahaifiyarka ta je wurin Inna Lami, su biyu, ba da kai ba. Ban yi zaton tsohuwar da ta yi shekaru tana cewa a ba ta kwando ɗaya za ta yarda ɗanta ya rantse a kan ƙarya tana raye ba. Watakila maganar ta mutu a tsakar gida.

Ka kuma duba ɗaya ɓangaren, ko ba ka so. Kana Kano kana jan mota, Maikuɗi yana kai taki gonar nan a kan jaki. Yaro ne sanda aka daina kai dami, ta yiwu da gaske ya ɗauka tasu ce, kuma in ka karɓe ta duka ban san inda zai shuka dawar baɗi ba. In Allah ya ba ka gaskiya, ka bar masa gefen mangwaron aro, a rubuta, a sa hannu gaban dagaci.

Ka daina jin haushin mahaifinka. Mutumin da ya fita da kansa ya sauke wa amininsa kaya daga ka bai bar maka abin kunya ba. Ka karɓo gonarsa ta hanyar da, in da yana tsaye a bakin kotu, ba zai sunkuyar da kai ba. Allah ya ba mai gaskiya gaskiyarsa, ya kai Inna A'i bazara mai zuwa da ƙugiyarta a hannu. Ka gaishe ta.

Malam Ƙasimu