Agogon da na ce ya mutu

Assalamu alaikum, Malam Garba ladan. Ni ne Idi. Rabi 'yata ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce ta sa inda mutanen unguwarmu Nima za su karanta, tunda a gabansu na ƙaryata ka.

Shekara bakwai ina riƙe da kai. Ni nake duba inuwa a bakin masallaci in ce maka Azahar ta yi, har ranar da ka rataye agogon nan mai baƙaƙen lambobi, ba ka ko shawarce ni ba. Na shigo na duba, na ga fuskarsa baƙa ƙirin. Washegari haka. Na miƙe bayan sallama na ce kana kiran salla da mataccen agogo. Ka ce, "Idi, ga shi nan yana tafiya." Aka yi dariya. Na ce kun haɗa baki ne, na ɗauki takalmina na koma salla unguwar Maamobi.

Da ka kwanta ciwo ban zo ba. Jana'izarka ma daga sahun baya na yi ta.

Jiya Rabi ta ja ni masallacin, don ta gaji da labarin. Ka san yanzu kimiyya take koyarwa. Agogon baƙi, kamar yadda na bar shi. Ta ce in kwantar da kaina a kafaɗa. Garba, lambobin suka fito. Na miƙe kai, suka ɓace. Sau biyar na yi, sannan na zauna a tabarma.

Ashe laifin baƙin tabarau ɗina ne. Wanda ban taɓa cirewa a gaban mutane ba tun da aikin ido ya bar mini na hagu fari.

Ta ce haske tafiya yake kamar igiyar shanya in an kaɗa ta. Kaɗawar na yin gaba, amma igiyar ko sama da ƙasa take rawa, ko gefe da gefe, kuma da wannan ɓangaren rawar ake bambanta haske da haske. Na rana kowane ɓangare yake rawa. Na agogon nan ɓangare ɗaya tak. Tabarau ɗina kuwa kamar ƙarafan taga yake, ɓangare ɗaya yake bari ya wuce, sai aka yi rashin sa'a nasa ya gitta na agogon. Wai har abin da rediyo ke kamawa haka yake, shi ya sa wata eriya a tsaye, wata a kwance.

Ban yi makaranta ba, amma na gani da idon da ya rage mini.

Kai kaɗai ka ga idon nan ranar da aka kwance bandeji, kai ka riƙo hannuna muka hau trotro, motar haya. Yanzu nake tunani, ko ka gane tabarau ne, ka zaɓi a kira ka maƙaryaci da ka ce in cire shi a gaban jama'a?

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mini bakina.

Ku kuma da kuka yi dariya ranar, da yawanku kuna raye. Wani ya zo ya faɗa mini ko Garba ya sani. Ina bakin masallaci bayan La'asar, ba tabarau, kuma ba zan tashi ba sai an ba ni amsa.

Abokinka,
Idi