Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Allah, 'yarki ce daga Greensboro ta Amurka. Da hannuna nake rubuta wannan, kar ki yi mamaki. Sai da furfura ta fara fito min na shiga ajin manya.

Jikarki ta fari, wadda ba ki gani ba, ta zama budurwa. An ba su wani littafi a lakwal, wato makarantarsu, labarin gidan masu sarautar Ingila na da, waɗanda arzikinsu ya ƙare. Tana karantawa tana fassara min, ina gyaran alayyahu. Ɗakuna a kulle, kujeru lulluɓe da farin ƙyalle, rufi na yoyo a kan hotunan kakanni. A gidan akwai yarinyar da uwargida ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ashe ba ita ta haife ta ba, 'yar wata mai aiki ce da aka kora.

Ran Asabar muna kan High Point Road za mu cefane, ta ce da ni da Turanci, idonta na kan taga: "Mama, ƙannena kina kiran sunansu. Ni kullum 'ke' ce. Wa ya haife ni?"

Inna, na ce kunyar 'yar fari ce, haka muka tarar. Ta ce laifin me ta yi da ake jin kunyarta. Tun daga ranar ta daina cin abinci tare da mu. Na kama ta tana kallon fuskata, sannan ta kalli tata a madubi.

Ni ma 'yar farinki ce. A Maradi ban taɓa tambaya ba, don duk unguwa haka ake. Amma ina tuna ranar tafiyata, a tasha. Kika buɗe baki, kika rufe, kika gyara min mayafi. Har yau in gida ya yi tsit sai in ji kamar za ki kira ni, in waiga, ba kowa. Ban san yadda sunana yake a bakinki ba.

A nan ba goggo, ba kaka da za su zaunar da jikarki su gaya mata. Jiya na tsaya a ƙofar ɗakinta, na ce Rakiya. Na sake faɗa, sannan na ji ta taso.

Ki yafe min, na saki abin da kika riƙe har kabari. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu inda za ki kira ni in amsa.

'Yarki ta fari,
Hajara