A Ƙona Su Kafin Sadakar Uku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni, Hudu Maikano, nake rubuta wannan da kaina. Hankalina garau yake. Jibi Alhamis za a yi min aikin zuciya. Likita ya ce in kwantar da hankali, na ce to, amma bai kwanta ba.

'Ya'yana, kun sani a sakandare karatuna ya tsaya. Ba ni da kowa a ma'aikatar ilimi. Da tsohon babur da jaka ɗaya na buɗe ofishin horar da malamai a unguwar Kumbiya-Kumbiya, yau shekara ashirin da biyu. Makarantu sittin da ɗaya sun neme ni. Masu digiri sun zauna a benci ina nuna musu yadda ake riƙe aji. Ba wanda ya ɗaga ni.

1. Saifullahi, kai za ka riƙe ofis. Kada ka sa hannu a shaidar malamin da ba ka zauna a bayan ajinsa ka gani da idonka ba. Kuma ba a yi wa malami gyara a gaban yara, jira ake a tashi.

2. Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburina, takardun gwajin farko ne na malamai fiye da ɗari uku. Wasu lissafin aji huɗu ya gagare su a lokacin. Ban taɓa ce wa mai makaranta ya kori ko ɗaya ba. Asabar nake kiran su, mu rufe ƙofa, mu fara daga tushe. Kowannensu na rantse masa ba idon da zai ga takardarsa. Yau wasunsu shugabannin makarantu ne.

Wani mutum ya zo sau biyu yana neman takardar wata hedimistires, shugabar makaranta a unguwar Herwagana, kujerarta yake so. A zuwan na biyu, Saifullahi, na hango ka raka shi har mota kuna dariya. Ban zarge ka ba. Amma tun ranar na kasa cin abinci. Wuƙar likita ina tsoronta, ba zan ɓoye ba. Na fi tsoron in kwanta a kabari, matar nan tana kuka da sunana.

3. Batul, makullin akwatin yana wurin mahaifiyarku, ke za ta ba. Idan ban farka ba, ki ƙona takardun duka kafin sadakar uku. Malam Alfred, abokin aikina, ya tsaya shaida. Kada a karanta, kada a ɗauki hoto da waya, kada a zuba a kwamfuta.

4. Saifullahi, na san za ka ji zafi don na ba ƙanwarka amanar akwatin. Ka haɗiye. Gaisuwar da kai da ita kuka daina tun bikin 'yar'uwarku Najeeba, ku maido ta. Gidanmu na unguwar Low-Cost a raba yadda shari'a ta ce, amma mahaifiyarku ba inda za ta.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, kada ku watse a bayana.

Saura ɗaya. Idan takardun nan suka zama toka, ba sauran shaidar aikina. Malaman nan ba za su iya fitowa su ce ni na koya musu ba, ni ma ban nema ba. Don haka allon ofis da kowace shaida da za ku buga, a rubuta Hudu Maikano, cikakke. Ba a taƙaice ba, kuma ba a ƙasan sunan kowa ba.