Sunan da Baffa Bai Taɓa Faɗa Ba

Babura, watan Rajab.

Zuwa ga mai girma Kawuna, Ardo Yakubu na Roni, babba a dangin mahaifiyata.

Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, ina fatan kuna lafiya, da iyali, da dabbobi. Ku sani, Kawu, da hannuna na rubuta wannan takarda, babu wanda ya riƙe mini alƙalami, domin na kammala ajin yaƙi da jahilci, kuma ni na zo na biyu. 'Yarku Ma'u za ta karanta muku. A ce mata ta bi a hankali, kada ta tsallake komai.

Ina sanar da ku cewa na wallafa littafi. A Kazaure akwai wata baiwar Allah, Hajiya Khairiyya, wadda ta fara da injin hoton takarda guda a rumfar kwano kusa da tasha. Da ta ga malamai na zuwa da rubuce-rubucensu suna kukan cewa manyan maɗaba'u ba sa buga ƙasa da dubu, sai ta sayi injin ɗinke littafi, ta ce ita ko guda ɗaya mutum yake so za ta buga masa. Daga nan aka sa wa wurin suna Maɗaba'ar Ko Ɗaya. Yau tana da shago mai wutar sola, da wakilai a Babura da Roni da Gwiwa. Rubutun mutum yana ajiye a kwamfuta, sai mai so ya zo ya faɗi sunan marubuci a buga masa nan take.

Littafina ya ƙunshi abin da na ji daga bakin Baffa, mahaifina, tun ina bin garke: maganin sammore da na hanta, amfanin maɗaci da sabara, da burtalin da kakanninmu suka bi. Hajiya ta ce al'adar marubuta ce su ambaci wanda suka ɗauki ilimi a wurinsa. Saboda haka na rubuta cikakken sunan Baffa a shafin farko, da manyan baƙaƙe, da niyyar girmamawa.

Na aika masa rugarmu ta Gwiwa. Ƙanena Musaddiƙ ya buɗe a gaban dattawa ya karanta shafin nan da ƙarfi. An ce Baffa ya miƙe ya nufi wajen shanu, bai dawo ba sai da taro ya watse. Littafin ya dawo mini a ƙunshe cikin tsumma, da saƙon cewa ɗan da boko ya cire wa kunya har ya kama sunan ubansa, ba a bukatar takardarsa a ruga.

Kawu, kun san ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Baffa bai taɓa kiran sunana ba, sai "wancan". Ban taɓa jin haushi ba, domin haka muka gada. Amma littafin da Baffa bai sa wa albarka ba, ba zan bari a sayar wa kowa ba, ko da shi ne aikin rayuwata. Na kuma ƙudurta ba zan bar ilimin nan ya bi shi kabari ba. Ina roƙon ku shiga tsakani.

Ɗanku mai biyayya,
Sama'ilu, marubuci.

Babura, watan Sha'aban.

Zuwa ga mai girma Kawu Yakubu.

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taku? Na ji faɗan da kuka aiko mini ta bakin direba, kuma na karɓa, ko da yake bai kamata ya maimaita shi a tsakiyar kara, gaban abokan dillancina ba.

Na koma Kazaure. Hajiya ta yi dariya ta ce in gode wa Allah ba dubu na buga ba, da sai in bi gari gari ina yage shafi. Guda ɗaya tak ke duniya, shi ma na cire masa shafin da hannuna. Ta gyara a kwamfuta. Yanzu abin da ke wurin shi ne: "Daga bakin dattijon rugarmu, Allah ya ja kwanansa." Ga sabon nan na ba direba. Ku kai masa da kanku, Ma'u ta karanta, ban da Musaddiƙ, domin ba shi da lura. Idan ya sake dawo da shi, zan sake gyarawa, har sai ya karɓa.

Naku,
Sama'ilu.

Babura, bayan ƙaramar salla.

Zuwa ga mai girma Kawu Yakubu, Allah ya ƙara girma.

Barkanku da salla, da fatan an yi ibada lafiya. Na gode da tafiyarku Gwiwa. Ma'u ta shaida mini Baffa ya saurara har ƙarshe, bai ce komai ba sai cewa na rage yawan jar kanwa a maganin hanta. Na gyara.

Ga abin da ba ku sani ba. Wani baƙo daga Nijar ya ari littafin a hannun Baffa ya ƙetare da shi. Baffa ba zai iya aiko mini da saƙon neman wani kwafin ba, kun san kunyar ɗan fari. Sai ya hau mota shi kaɗai ya tafi Kazaure, yana tambaya har ya sami shagon. Hajiya ba ta san shi ba. Ta ce, Baba, littafin wa? Ya ce na mutumin Babura. Ta ce mutanen Babura da ke kwamfutar nan sun fi yatsun hannu. Ya ce na yayan Musaddiƙ. Ta ce wane ne kuma Musaddiƙ? Wani malami da ke jiran nasa aikin ya ce, tsoho, ko bashi kake bin marubucin ne kake ɓoye sunansa? Aka yi dariya. Baffa ya daɗe tsaye riƙe da sandarsa. Daga nan ya juya fuskarsa ga bango, ya ce, "Sama'ilu. Ɗana ne."

Ya jira aka buga, aka ɗinke, ya sa a aljihun rigarsa ya fita.

Kawu, ban ji da kunnena ba, kuma na san ba zan taɓa ji ba. Da na je gaishe shi da salla, cewa ya yi a ba wancan fura. Na karɓa na sha. Ina roƙon kada ku tayar masa da maganar. Na ba Hajiya izini ta buga wa duk mai so.

Domin kada a ce na ƙara gishiri, ga waɗanda abin ya faru a gabansu: Hajiya Khairiyya, mai maɗaba'a, Malam Muhammad Sani, wanda ya yi zolayar, ya kuma nemi gafara, Halimatussa'adiyya, mai ɗinke littattafai, da Mele mai goro, da ke bakin ƙofa. Duk suna raye, ana iya tambayarsu.

Ɗanku mai biyayya,
Sama'ilu.